Kwanon Kofur Tunau

A bayan ganuwar Daura, ta wajen marina,
akwai gidan da har yau ake ce wa Gidan Soja,
alhali rabon soja da zauren nan
ya haura shekara tamanin.

Tunau sunansa.
Mutum goma aka ce dagaci ya kawo,
ya ƙirga tara, ya ɗaga ido,
sai ga Tunau da fartanya a kafaɗa.
Bature ya duba haƙoransa, ya auna ƙirjinsa,
ya rubuta suna yadda kunnensa ya ji.
Jirgin ƙasa daga Kano, jirgin ruwa daga Ikko,
sai Bama, inda aka ce sama ba ta gajiya da zuba.

Yalwa ya bari, da goyo, da cikin wata huɗu.

Damina biyu ta wuce kafin masinja ya yi sallama.
Bargo ɗaya, kwanon ƙarfe mai mariƙi,
lamba mai kan sarkin da bai san hanyar Daura ba,
da takardar da ba mai iya karantawa a unguwa.
Liman ya ƙirga watanni a yatsu, ya ce,
"Takabarki ta wuce tun ba ki sani ba."
Ta ce, "Malam, ni dai yau ya rasu."
Ta kwance kitso, ta ajiye kwalli,
wata huɗu da kwana goma, ba ta rage ko yini ba.

Sau uku ta taka zuwa Katsina neman fansho,
kwana uku tafiya, ƙanzo a ƙullin zane.
Akawu ya ce, "Tuno aka rubuta a nan,
ke kuma kin ce Tunau. Wanne ne mijinki?"
Ta dawo da tawada a babban yatsa,
ita ce kaɗai abin da gwamnati ta taɓa ba ta.

Mata a bakin rijiya suka ce matar ɗan bariki.
Ba ta tanka ba.
Ta wanke kwanon da toka,
ta zauna kasuwa tana auna gyaɗa da shi.
Ya fi na kowa zurfi da ɗan yatsa biyu,
kafin kaka ta zagayo, masu zunɗen nan
su ne a gabanta da kwarya.

Da kwanon ta yaye Mati, ta sai masa keken ɗinki.
Da shi ta kai Delu ɗaki a Magarya,
can ƙasar Faranshi, inda jikokinta ke ce wa biredi wani suna.
Lambar kuwa, shekarar fari ta tafi,
maƙeri ya ba da tiya uku ta dawa.
Ta ce, "Yau dai sarkin nan ya ciyar da mu."

Mati ya haifi Barira, Barira ta haife ni.
Cikinmu akwai direban Daura zuwa Kano,
da ungozoma a Zango, da mai gyaran waya a Legas,
da wani da ya bi hamada, shekara shida shiru.
Ba mai hoton Tunau.
An ce dogo ne, an ce yana da wushirya,
an ce Mati ne ya ɗauko tafiyarsa,
sai dai masu faɗin duk sun bi shi.

Kwanon yana wurina, gindinsa ya huje.
Jiya ɗana Sadisu ya shigo da takardar shiga soja,
ya ce in sa masa albarka.
Na karɓa, na bi sunansa harafi harafi,
na sake bi,
sannan na tambaye shi ko ya ci abinci.